Kowane Tabarau da Zamaninsa

Cikin duk kayan da ake sa wa ɗan wasa idan za a kwaikwayi zamanin yaƙi, babu ƙarami kamar tabarau, babu kuma mai saurin tona asiri kamarsa. Takalmi na iya ɓuya a ƙura, ɗamara na iya shigewa ƙarƙashin riga, amma tabarau a fuska yake zama, fuska kuwa ita mai kallo ke bi da ido tun farkon wasa har ƙarshensa. Sai a kashe kuɗi a ɗinka kaki, a samo tsohuwar mota, a yi doguwar tafiya neman wurin da babu falwayar lantarki, sannan jarumi ya fito a matsayin sojan 1944 da gilashin da aka sauke daga kwantena bara. Daga nan duk wahalar da aka sha ta tashi a banza.

Akwai mutanen da aikinsu shi ne hana wannan ɓarna. A Ingila da Amurka, inda ake da ƙungiyoyin masu sa kayan sojan da su fita fili su sake kwaikwayon fagen fama, akan duba mutum daga hula har igiyar takalmi kafin a bar shi ya shiga sahu, tabarau kuma yana cikin abin da aka fi tsanantawa a kansa. A wajenmu aikin ya faɗa hannun masu kula da sutura a fim, waɗanda 'yan Kannywood ke kira masu kwastum, da malaman da ke shirya wasan dandamali a makarantu da jami'o'i, da masu shirya baje kolin tarihi. Ba dukansu ne suka kai gwanaye ba. Amma wanda ya kai, kallon aikinsa abin sha'awa ne, domin a kan abin da bai fi tafin hannu ba yake haɗa ilimin tarihi, da sanin ƙarfe da roba da fata, da tsoron yi wa mamata ƙarya.

Tambayoyi uku kafin a buɗe akwati

Gwani da labarin yake farawa, akwatin tabarau yana rufe. Tambayoyi uku yake yi: wane yaƙi ne, a wace ƙasa aka yi shi, wane ne kuma mutumin da za a sa wa gilashin? Kowace amsa tana rage yawan abin da ya halatta, wani lokaci ma ta rage shi har ya zama babu.

Mu fara da zuwan Turawa. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 dakarun Kanar Morland suka shiga Kano, a watan Maris suka isa Sakkwato, a watan Yuli aka yi Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Mai shirya wasan wannan zamani ya san barde ba ya sa tabarau. Rawani da amawali, da malafa, da kwalli, su ne ke tsakaninsa da rana da ƙura. Hafsan Bature ma hularsa mai faɗin baki ce garkuwarsa. In har ya sa gilashi mai duhu, to ɗan ƙarami ne, zagayayye ko mai siffar ƙwai, cikin siririyar waya da ke kwanciya kai tsaye a kan karan hanci. 'Yan matasan nan biyu da ke tallafe tabarau a gefen hanci sai a shekarun 1920 suka yaɗu.

Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila, shi ne inda aikin ya fi daɗi, ya kuma fi wuya, domin ta hanya biyu ya shigo wa Kano. Ta farko ta sama ce. A 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano, zuwa 1936 jiragen kamfanin Imperial Airways sun fara zuwa a kai a kai. Da Italiya ta shiga yaƙin a 1940, sai Bahar Rum ta zama hanya mai haɗari ga Ingila. Aka riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, a tuƙo su ta Ikko, su sha mai a Kano, su wuce Maiduguri, da Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, da El Fasher, da Khartum, har Alƙahira. Jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya. Daga 1941 Amurkawan kamfanin Pan American suka shigo cikin aikin, daga baya sojan saman Amurka ya karɓe shi. Waɗannan matuƙa su ne ke wuni suna fama da ƙyallin rana da hazon hunturu, su ne kuma hukumominsu suka raba wa tabarau a matsayin kayan aiki.

Hanya ta biyu ta ƙasa ce, ita ce kuma ta taɓa gidajenmu. Samarin da aka ɗiba daga ƙauyukan Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato da Barno sun cika rundunar sojan Afirka ta Yamma, har Hausa ta zama harshen bariki. A watan Fabrairu 1941 Birged ta 23 ta Nijeriya ta shiga Mogadishu, ta bi Italiyawa har cikin Habasha. A 1943 aka kafa Runduna ta 81, mai alamar baƙin gizo-gizo, da Runduna ta 82, mai alamar māsu biyu a gicciye a kan gammo, aka tura su Bama su fuskanci sojan Japan. Sun yi faɗa a kwarin Kaladan da yankin Arakan, sun kama Myohaung a watan Janairu 1945, bataliya uku na Nijeriya kuma sun shiga daji tare da dakarun Chindit na Janar Wingate a 1944. Sarkin Katsina Usman Nagogo da kansa ya je can ya gano su. Har gobe sunayen wannan yaƙi suna jikin barikokinmu: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Dodan a Ikko.

To su waɗannan me suke sawa a ido? A nan ake gane gwani. Wanda ya zauna ya ƙura wa hotunan wannan yaƙi ido, irin waɗanda ke ajiye a gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museum a Landan, abin da zai yi ta gani shi ne hula mai faɗin baki, koren kaya, adda a ƙugu, bindiga a kafaɗa, kaya a ka, ido a buɗe. Dajin Bama duhuwa ce da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Abin da ke cin soja a can shi ne laka, da matsattsaku, da zazzaɓin cizon sauro. Sannan a wancan lokaci babu ɗan Nijeriya hafsa. Sai a 1948 aka fara ba ɗan ƙasa wannan muƙami, Zakariya Maimalari kuwa, wanda ke cikin 'yan Arewa na farko da suka fito daga Sandhurst, sai a 1953. Iyakar inda namu ke kaiwa shi ne samanja, irin su Chari Maigumeri da aka sa wa barikin Lakwaja sunansa. Saboda haka idan darakta ya nemi a sa wa jarumi baƙin gilashi don ya yi kwarjini a matsayin kofur na 1944, gwani yakan ce masa cikin ladabi: "Yallaɓai, wannan hula da adda za mu ba shi. Gilashin mu ajiye wa matuƙin jirgi." Sanin wanda ba za a sa wa ba, shi ne rabin sana'ar.

Daraktan ma yana da uzuri. Siffar soja mai baƙin tabarau da ta zauna mana a kai ta baya-bayan nan ce, ta zamanin mulkin soja, musamman ta Janar Sani Abacha, ɗan Kano, wanda ya mulki Nijeriya daga 1993 zuwa 1998 aka kuma san shi da baƙin gilashi. Finafinan Indiya da na Amurka suka ƙara dasa ta. Aikin gwani ne ya raba abin da ido ya saba gani da abin da ya faru.

Yadda ake karanta firam

Idan labari ya ba da dama a sa tabarau, sai a koma ga karatu na biyu, wato karanta shekarun abin daga jikinsa. Gwani yana riƙe da tarihin tabarau a kansa yadda mai sayar da shanu ke riƙe da lissafin haƙora.

Ya san cewa tun 1913 wani masani ɗan Ingila, Sir William Crookes, ya haɗa kwalbar da ke tare hasken da ke cutar da idon masu aikin narka gilashi, aka ci gaba da sayar da tabarau da sunansa shekara da shekaru. Ya san a 1929 kamfanin Foster Grant ya fara sayar da baƙin gilashi mai araha a bakin teku a Amurka. Ya san kafin 1930 hannun tabarau daga tsakiyar zagayen ido yake fitowa, sai a wannan shekara kamfanin American Optical ya fito da samfurin Ful-Vue, wanda ya ɗaga mahaɗin zuwa sama. Wannan ɗan bambanci kaɗai ya isa ya gaya masa ko firam ya dace da hafsan Yaƙin Duniya na Ɗaya ko na Biyu.

Tabarau na matuƙan jirgi, mai siffar ɗigon ruwa, kamfanin Bausch & Lomb na birnin Rochester ne ya fito da shi a shekarun 1930, a 1937 aka raɗa masa suna Ray-Ban. Siffar tana da dalili: ƙasan ya yi tsawo ne don idan matuƙi ya sunkuyar da ido ga agogunan jirgi kada haske ya kutso masa ta ƙasa. A 1941 sojan sama da na ruwa na Amurka suka amince da samfuri guda, mai lamba AN6531, kamfanoni da dama suka riƙa ƙera shi. Ƙarfensa gaurayen tagulla ne da aka shafe da farin nikel, don kada ya ruɗa kamfas ɗin jirgi. Hannayensa waya ce mai laushi da ke naɗe bayan kunne, yadda ba zai faɗi ba ko jirgi ya yi juyi. Idonsa kwalba ce, da fari koriya, daga baya aka koma wata mai ruwan ƙasa-ƙasa domin koriyar ba ta tare haske sosai. Saboda haka Ba'amurken da ya sauka shan mai a Kano a 1943, in gilashin hukuma ne a fuskarsa, fari ne ƙarfensa. Mai ruwan zinariya yana yiwuwa, amma da kuɗinsa ya saya, kamar yadda manya suka riƙa yi. Hotunan Janar MacArthur a Filifin a 1944 su suka sa wannan siffa ta shahara a duniya.

Baturen Ingila kuma nasa daban ne. Sojan ƙasa mai raunin gani akan ba shi zagayayyen tabarau na baƙin ƙarfe mai hannaye shimfiɗaɗɗu, don ya iya sa shi a ƙarƙashin takunkumin kare iska mai guba ba tare da iskar ta sami ƙofa ba. A hamadar Libiya da Masar kuma akwai wata 'yar kariya mai laushi mai ɗaukar ido, da igiyar roba, wadda aka raba don kare ido daga guba, sojoji suka mai da ita maganin rairayi. Ita ce Janar Rommel na Jamus ya samu daga kayan Ingilishi ya riƙa ɗorawa a kan hularsa. Mai shirya wasa da ya san wannan ba zai ɗauka kuskure ne ba idan ya ga kayan Ingila a goshin Bajamushe.

Sai jerin waɗanda aka haifa bayan yaƙin, waɗanda su ne suka fi yaudarar mutane saboda suna da kamar tsufa. Tabarau mai kaurin gira a sama da siririn ƙarfe a ƙasa, irin na malaman makaranta da 'yan siyasar Jamhuriya ta Farko, a 1947 kamfanin Shuron ya fito da shi. A wannan shekarar ce kuma aka fara sa idon tabarau na roba mara nauyi a kasuwa. Wayfarer, mai kaurin baƙar roba, na shekarun 1950 ne. Launin nan kore mai toka-toka da ake kira G-15 na 1953 ne. Gilashin matuƙa mai kusurwa huɗu da miƙaƙƙun hannaye, wanda ke shiga ƙarƙashin hular kwano, na 1958 ne. Gilashin da ke yin duhu da kansa idan an shiga rana sai a shekarun 1960 kamfanin Corning ya samar da shi. Duk waɗannan haramun ne ga 1944, amma halal ne ga yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, lokacin da hafsoshi suka zama namu, irin su Murtala Muhammed da ya jagoranci Runduna ta Biyu da Mamman Shuwa da ya jagoranci ta Ɗaya. Shi kuwa gilashin da ke lanƙwashe fuska, mai ƙyalli bakan gizo, na 'yan wasan motsa jiki, daga shekarun 1980 ya taso, ba shi da gurbi a kowane ɗaya cikin yaƙoƙin nan.

Farar hula ma yana da nasa hukunci. A Kanon Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, tabarau kayan kanti ne, ana samunsa wajen kamfanonin Turawa irin su John Holt da G.B. Ollivant, ko wajen Kwarori, ko a tsarabar alhazai. A 1943 ne aka buɗe asibitin ido na mishan a Sabon Gari, wanda yau ake kira asibitin ido na ECWA. Akawun En'e, ko attajirin gyaɗa, ko malamin asibiti, ana iya ba shi ɗan zagayayyen tabarau. Manomin da ya kawo gyaɗa a kan jaki kuwa, malafarsa ta ishe shi.

Inda Sharaɗa da Challawa da Bompai suka shigo

Sanin abin da ya dace abu ɗaya ne, samunsa a Kano wani abu ne daban. Tiren mai tallar gilashi a Sabon Gari ko bakin Kantin Kwari cike yake da kayan Sin, sabbi fil, masu kwaikwayon tsohon yayi. Na asali kuwa sai an dace, wajen 'yan gwangwan, ko dillalan tsofaffin kaya a Kurmi, ko cikin adakar wani tsoho. Saboda haka yawancin aikin gyara ne da sāke kama, a nan ne kuma gwani ke jingina da hannayen da unguwannin masana'antu suka horar.

Bompai ce babbar yaya. Tun kafin samun 'yancin kai ta fara tara masana'antun matsar man gyaɗa, da saƙa, da turare, da alewa. Sharaɗa da Challawa sun bunƙasa ne bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967; Sharaɗa ta yi suna da kamfanonin roba, Challawa da kamfanonin jimar fata. Ko da yake rashin wutar lantarki da kwararowar kayan waje sun rufe da yawa daga cikinsu, sun bar wa Kano dukiyar da ba a rufewa da kwaɗo: dubban mutanen da suka san halin roba, da ƙarfe, da fata, da hannunsu.

Miƙa wa tsohon mai kula da inji a kamfanin roba na Sharaɗa firam guda biyu, ba zai daɗe ba zai raba maka su. Wanda aka zuba a mazubi, wato aka narka roba aka tura ta da ƙarfi cikin ƙarfe mai siffa, yadda ake yin bokiti da kujera, yana barin siririn layi a gefe inda ɓangarorin mazubin biyu suka haɗu, da ɗan tabo inda robar ta shiga. Ba shi da nauyi, launinsa a sama yake, hinjinsa kuma narka shi aka yi aka cusa. Tsohon firam na ƙwarai daga falle ake yanko shi, a goge da zarto, a gyara da hannu, launinsa ya ratsa har ciki, hinjinsa kuma da 'yan ƙusoshi aka kafe shi, har kana ganin kawunansu ta gaba. Gwani ya san an yi tabarau na zubi mai araha a Amurka tun shekarun 1930, amma ya san ba shi ne a fuskar hafsa ko matuƙi ba. Idan dole ta sa a yi amfani da na zubi, sai a kankare layin da lallausar takardar yashi, a dusashe ƙyallin, a dasa kawunan ƙusa na gaske a kusurwa.

Firam na ƙarfe kuma aikin masu walda ne da maƙeran fari. Ana cire miƙaƙƙen hannu na zamani, a lanƙwasa siririyar waya ta zagaye kunne, a liƙa ta da dalma ko azurfa a wuta mai sanyi, don zafin waldar ƙofa ƙona firam zai yi. Ana cire hinji mai sifirin, domin ba a san shi ba a lokacin. Ana ɓalle matasan hanci masu laushi, masu ɗaukar ido, a sa masu tauri, launin hauren giwa ko ruwan zuma. Sunan kamfani da ake bugawa da fari a kusurwar gilashi, wanda yau ya zama abin ado, goge shi ake yi, domin tabarau na 1940 a jikin ƙarfe ake buga masa hatimi, a wurin da sai an juya shi ake gani. Mai sanin hatimi idan ya ga an rubuta 1/10 12K GF a ƙarƙashin gadar hanci, ya san tsohon firam ne da aka lulluɓe da zinariya mai kauri, sai ya riƙe shi da hannu biyu.

Gidan tabarau ma ba a barinsa a baya, don sau da yawa kyamara na kama lokacin da ake ciro shi daga aljihu. Na wancan zamani ko dai gwangwani ne mai murfi da shimfiɗar ƙyalle a ciki, ko fata mai maɓalli. Ragowar fata daga kamfanonin Challawa tana yi, muddin ba mai shafen roba mai walƙiya ba ce. In kuwa ana son launin da ya ci rana, sai a nufi majema na cikin gari masu jima da bagaruwa, a kai wa baduku ya ɗinka da hannu. Za ka ji gwani na roƙonsa: "Baba, don Allah kada a sa zif, kada kuma a sa abin nan mai ƙaiƙayi da ke mannewa. Maɓallin ƙarfe ɗaya ya isa." Yana da hujja, domin mannau ɗin nan sai a shekarun 1950 aka yi masa rajista.

Su kansu gine-ginen suna da zamaninsu. Tsofaffin sito na Bompai, masu dogon rufin kwano, suna iya tsayawa a matsayin ma'ajiyar kayan soja. Shimfiɗar Sharaɗa da Challawa kuwa ta fi dacewa da labarin shekarun 1970 zuwa sama. Gwanin da ya san wannan yakan daidaita gilashin da bangon da ke bayansa.

A gaban kyamara

Saura jarrabawa ta ƙarshe, wadda ake yi da fitila. Yawancin gilashin zamani an yi masa wani shafe na hana ƙyalli, wanda ido ba ya lura da shi, amma da fitila ta haska shi sai ya mai da wani haske kore ko shuɗi-shuɗi. Tsohuwar kwalba farin haske take mayarwa, tsaf. Saboda haka gwani yakan sa ɗan wasa ya juya kai dama da hagu a gaban fitila kafin a fara ɗauka, ya duba launin ƙyallin, ya kuma tabbata mai kyamara da mai riƙe makirfo ba su bayyana a cikin gilashin ba. Duhun ma ana auna shi. Na da ba ya cika yin baƙi ƙirin. Ana hango ƙwayar ido ta ciki, wannan kuwa riba ce ga wasa, tun da da ido ɗan wasa ke magana.

Idan ɗan wasan mai raunin gani ne, ba a tilasta masa yin lalube. Ana ɗaukar firam ɗin da ya dace a kai wa masu yanka gilashi, su sa masa awon idonsa, a roƙe su kada su yi shafen hana ƙyalli. Gwani na ƙwarai kuma ba ya sayar da lafiyar mutum don tarihi. Ya san duhun gilashi ba shi ne kariya ba: duhu na sa ƙwayar ido ta buɗe, in kuwa gilashin ba ya tare haske mai cutarwa, ɓarnar ta fi ta rashin sa shi. Don haka wanda zai wuni a rana akan sa masa sabon ido mai kariya cikin tsohon firam, a zaɓi launin da ya dace da zamanin. Ya san tsohuwar kwalba na iya tarwatsewa, ba a shiga da ita wurin da ake fasa abubuwa ko guje-guje. Ya san wata tsohuwar roba, wadda ke ƙanshin kafur idan an murza ta, tana kama wuta nan take, ba a ajiye ta kusa da fitila mai zafi ko a bar ta cikin mota da tsakar rana. Na asali ana ajiye shi don ɗaukar kusa, na kwaikwayo shi ke shiga ƙura.

Abin da ya sa ya cancanci wahala

Wani zai ce mutum nawa ne cikin masu kallo za su gane bambancin 1941 da 1958 a jikin hannun tabarau? Kaɗan ne, gaskiya. Amma matasanmu da yawa daga fim suke ɗaukar tarihi, abin da suka gani kuwa shi ke zama gaskiya a wurinsu. Idan aka nuna musu sojan Bama cikin gilashin gayu, an ɓoye musu ainihin abin da ya faru: cewa ɗan manomi ne aka ɗauke daga ƙauye, aka haye teku da shi, ya ɗauki kaya a ka cikin dajin da bai san sunansa ba, ana ba shi umarni, ba a ba shi muƙamin hafsa, bai kuma sami kayan da aka ba matuƙin jirgi ba. Wanda aka ba tabarau da wanda aka hana, wannan rabo shi kansa tarihi ne, yana nuna waye a sama waye a ƙasa a wancan zamani. Gwanin da ya bar fuskar kofur a buɗe ya faɗi wannan gaskiya ba tare da ya ƙara ko kalma ɗaya a cikin labarin ba.

Mazan jiya na yaƙin Hitila sun kusa ƙarewa, na yaƙin basasa ma tsufa ya cim musu. Hotunansu suna nan a bangon zaure da cikin adaka, wasu a Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, wasu a Arewa House da ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna. Ya kamata masu shirya finafinai su riƙa tura masu kwastum waɗannan wurare kafin a ɗinka ko riga ɗaya, su ware musu kuɗi da lokaci, su kuma rubuta sunayensu, da na mai walda da baduku da suka taimaka, a jerin waɗanda suka yi aiki. Ya kamata iyalai su fito da hotunan kakanninsu a ɗauki kwafi tun gara ba ta cinye ba. Ranar 15 ga Janairu ta kowace shekara ana ajiye furanni don tunawa da waɗannan bayin Allah. Nuna su yadda suke, ba ƙari ba ragi, shi ma haƙƙinsu ne a kanmu. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya ƙara wa masu wannan sana'a basira da haƙuri.